*AN FARA KORAR SIGARIN LANTARKI DAGA ƘASASHEN WAJE: INA ZAI NUFA, MAIGIDA?*



 Yau ba maganar sanyi ko basir za mu yi ba. Maganar wani ɗan abu ce da ba ya wuce tsawon yatsa biyu, mai ƙamshin mangwaro ko kankana, wanda mai yiwuwa ya riga ya shigo unguwarku ba ka sani ba. Sigarin lantarki kenan, wanda samari ke kira vape. Daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka miƙa wa uwargida ita ma ta karanta.

*MENE NE SHI?*

Kamar shisha ce ta aljihu. A cikinsa akwai ɗan batir, da ɗan siririn waya mai ɗaukar zafi, da wani ruwa. Idan mutum ya zuƙa, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi ya shige huhu. Ruwan nan yawanci yana ɗauke da nikotin, wato sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa dainawa, sai kuma kayan ƙamshi da ɗanɗano.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Shi kansa mashayin taba ne, yana neman abin da zai raba shi da ita. Da farko manya ne ke saye don su bar sigari. Daga baya kamfanoni suka fito da wani ƙarami mai araha, mai launi kamar alawa, wanda ake zuƙa har ya ƙare a jefar. Wannan ne ya ja yara. Shi ne kuma gwamnatoci suka fi tasar wa yanzu.

*ABIN DA BIRTANIYA TA YI*

Daga ranar 1 ga Yuni 2025, haramun ne a dokar Birtaniya a sayar da irin wanda ake sha a jefar, a shago ne ko ta intanet, da nikotin a ciki ko babu. Gwamnati ta kawo dalili biyu. Na farko, yara 'yan makaranta sun afka masa. Na biyu, shara: an ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da kusan miliyan 5 a kowane mako, kowanne da batirinsa a ciki, batiran kuma suna tayar da gobara a motocin kwasar shara da wuraren tara ta.

To yaya masu shaguna suka kwana? An ba su wa'adi su sayar da abin da ke hannunsu. Ranar da wa'adi ya cika, duk abin da ya rage ya zama asara, sai dai a kai inda ake sarrafa tsofaffin batira. A Ingila wanda aka kama yana sayarwa za a fara cin sa tarar fam 200, idan ya ci gaba abin na iya kai shi gidan yari har shekara 2. Wanda aka yarda a sayar shi ne wanda ake iya yi wa caji kuma ake iya sake zuba wa ruwa.

Masu sha kuwa, dokar ba ta ce a kama su ba. Wasu ma sai suka yi ta saye suna jibgewa a gida kafin ranar.

Ga inda darasin yake. Tun kafin ranar ta zo, kamfanonin suka fito da sabon samfuri: kamanni ɗaya, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, kuɗin ma kusan ɗaya. Abin da suka ƙara kawai shi ne ramin caji a gindi da ɗan kwalbar ruwa da ake iya canzawa. A takarda sun bi doka. A hannun yaro kuwa abin nan dai shi ne, da yawa ma suna ci gaba da jefarwa idan ya ƙare kamar yadda suka saba. Gwamnatin ta kuma yi shirin ɗora haraji a kan ruwan kansa daga Oktoban 2026, fam 2.20 a kowane mililita 10.

*OSTIRELIYA TA FI TSANANTAWA*

Su can ba su tsaya wasa ba. Daga 1 ga Yuli 2024, babu mai izinin sayar da sigarin lantarki kowane iri sai kantin magani. An ɗauke shi a matsayin abin taimakon mai son barin taba, an cire masa kwalliya, an bar ɗanɗano uku kacal: na taba, na na'a-na'a, da na mantol. Shagunan da wannan ce sana'arsu kaɗai, da yawansu sai rufewa. Masu haya suka tashi, ma'aikata suka rasa aiki.

Amma sha'awar masu sha ba ta rufe tare da shagunan ba. Kasuwar bayan fage ta cika giɓin. A birnin Melbourne har ƙone-ƙonen shagunan taba aka yi ta yi, saboda rikicin gungun masu fasa-ƙwaurin taba da sigarin lantarki a kan wa zai mallaki kasuwa.

Sauran ƙasashe kowa da nasa matakin. Indiya ta hana ƙerawa, shigowa da sayarwa gaba ɗaya tun 2019. Beljiyam ta hana na jefarwa daga 1 ga Janairu 2025, Faransa ta bi sahu a watan Fabrairun shekarar. Amurka ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019. Singafo ta hana shi tun 2018, har mai riƙe da shi ma tara ake cin sa.

A nan ka kula, kai mai zuwa Indiya ganin likita, da kai mai ɗa yana karatu a waje, da kai ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Abin da ka ga ana zuƙa a bainar jama'a a wata ƙasa, a wata laifi ne tun daga filin jirgi. Ka ja wa yaronka kunne kafin ya tafi, kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba.

*TO, INA KAYAN KE ZUWA?*

Wannan ita ce tambayar da ta sa muka kawo darasin nan.

Mafi yawan sigarin lantarkin duniya a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera shi. Ita Sin ɗin, tun 2022 ta hana a sayar wa 'yan ƙasarta mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, sai mai ɗanɗanon taba kawai. Amma masana'antun ba su daina yin mai mangwaro da kankana ba. Na fitarwa waje ne. Ka ji fa: wanda ya dafa abin ya hana 'ya'yansa ci.

Yanzu ka haɗa lissafin da kanka. Masana'anta na aiki dare da rana. Birtaniya ta rufe ƙofa, Faransa ta rufe, Ostireliya ta rufe, Indiya ta rufe. Ɗan kasuwa ba ya zubar da hajarsa a teku. Inda ƙofa ke buɗe zai nema, inda matasa suke da yawa, inda ba a tsananta bincike. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 ne suka hana sayar da shi, ƙasashe 88 ba su da dokar ƙayyade shekarun mai saye, 74 kuma ba su da wata doka a kansa kwata-kwata.

A Najeriya dokar taba ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma tsakaninmu da Allah, sau nawa ka ga an aiki yaro ɗan shekara 8 tireda sayen karan sigari, mai tireda ya hana shi? Idan haka ake da tabar da kowa ya san warinta, ina ga wadda ake tallatawa a Instagram da TikTok, a kawo wa yaro har ƙofar gida a kan babur? Hausawa suka ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

*KARANTA ABIN DA KE JIKIN KWALIN*

Ga wani ilimi da zai yi maka amfani idan ka tsinci ɗaya a ɗakin samari.

Idan ka ga an rubuta 2%, ma'anarsa miligiram 20 na nikotin a kowane mililita. Wannan shi ne iyakar da Birtaniya da Tarayyar Turai suka yarda da shi, kuma Birtaniya ba ta yarda tankin ruwan ya wuce mililita 2 ba, abin da ke ba da zuƙa wajen 600. Idan kuwa ka ga 5%, miligiram 50 kenan, ninki biyu da rabi na abin da doka ta yarda a can. Idan kuma na jefarwa ne aka rubuta masa zuƙa 5,000 ko 10,000, to ka san kana riƙe da abin da ba zai sayu a fili a Landan ba.

Kada kuma rubutun 0% ya kwantar maka da hankali. An sha gwada irin waɗannan na bayan fage a ɗakin bincike a tarar da nikotin a ciki. Kayan da ba hukumar da ta duba, rubutun jikinsa ba shaida ba ne.

*ME YAKE YI WA JIKI?*

1. *Kamu.* Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Nikotin a wannan lokaci yana saurin kama yaro, ya taɓa masa natsuwa da riƙe karatu da saurin fushi. Sigari yana ƙarewa a jefar da guntu, shi kuwa wannan ba ya nuna maka iyaka. Yaro na iya zuƙa a gado, a banɗaki, a aji, yini guda.

2. *Zuciya.* Nikotin yana ƙara bugun zuciya da hawan jini. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi nesa da shi.

3. *Huhu.* Tururin ba na ruwan zalla ba ne. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ke shiga can cikin huhu, wani lokaci har da ɓurɓushin ƙarfe daga wayar da ke zafi. Yana jawo tari, yana tayar da asma.

4. *Mai ciki.* Nikotin yana cutar da jaririn da ke ciki, ta kowace hanya ya shiga jikin uwa.

5. *Abin da ake cusawa a ciki.* A Amurka, tsakanin 2019 da farkon 2020, an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti da wani mugun ciwon huhu, 68 suka rasu. Da aka bincika, mafi yawansu sun zuƙi ruwan bayan fage mai sinadarin wiwi da aka cakuɗa da wani mai. A Singafo kuma a 2025 sai da gwamnati ta ƙara tsananta hukunci, saboda an gano ana zuba wani maganin sa barci na ɗakin tiyata a cikin ruwan. Na'urar nan ba ta tambayar me aka zuba mata. Duk abin da aka zuba za ta kai shi huhu.

*GASKIYA GAME DA MAI SON BARIN TABA*

Kada mu ɓoye muku wani ɓangare. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana cewa ga babban mutum da ya riga ya kamu da taba, komawa sigarin lantarki mai rajista ya fi ci gaba da shan taba sauƙin illa, domin babu ƙonewa, babu kwalta da hayaƙin da ke cikin sigari. Amma su ɗin dai suna cewa wanda ba ya shan taba kada ya fara, kuma ba na yara ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ta fi kaffa-kaffa da shi, tana kira da a tsananta doka.

Ka lura da abu biyu. Maganar tasu a kan kayan da hukuma ta tantance ne, ba wanda aka sayo a hannun wani a intanet ba. Sannan wanda ke zuƙar na lantarki a ofis ya kunna sigari a majalisa da dare, bai bar komai ba, jari biyu ya zuba a hanyar asara. Mai son barin taba da gaske ya ga likita ko ƙwararren mai haɗa magani. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata, ana rage ƙarfinsu sannu a hankali har a rabu.

*ME MALAMAI SUKA CE?*

Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta bayyana shi a matsayin haramun a 2015. Ƙungiyar Muhammadiyah ta Indonesiya ita ma ta ba da irin wannan fatawa a 2020. Hujjojinsu su ne waɗanda ka sani game da taba: shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani, ta hana almubazzaranci da dukiya, jiki kuma amana ne a hannunmu. Ƙamshin tuffa ba ya canza hukuncin abin da ke cutarwa.

Mai azumi kuma ya sani, zuƙarsa da gangan da rana yana karya azumi kamar yadda shan taba ke karyawa.

Kai kuma ɗan kasuwa da ake kwaɗaita wa cewa akwai riba a shigo da shi, ka tambayi kanka: 'ya'yan wa za su saya? Ribar da aka samu daga huhun ɗan maƙwabci, da wace fuska za a ci ta?

*YAYA ZA KI GANE, UWARGIDA?*

Ke kika fi kowa shiga ɗakin yara, don haka ki riƙe waɗannan:

• Ƙamshin alawa ko 'ya'yan itace a ɗaki, ba turare ba, ba cingam ba.
• Wani abu mai kama da biro mai kauri, ko maka, ko filashin kwamfuta, musamman idan kin ga ana yi masa caji.
• Yawan ƙishirwa da bushewar baki, da tarin da ba mura.
• Yawan shiga banɗaki ko fita waje na 'yan mintoci, da ƙunci idan an daɗe a zaune wuri ɗaya.
• Kuɗin makaranta ko na kati da ke ƙarewa ba bayani.

Kada ki ce ai nawa mata ne. Da yake ba ya wari, ba ya baƙanta leɓe nan da nan, 'yan mata ma suna sha, wasu a wajen biki suke fara gwadawa.

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Kada a yi wa yaro ƙazafi a kan zato.

*IDAN KA SAMU A HANNUN ƊANKA*

Maigida, ka danne zuciya. Duka da gori a gaban ƙannensa ba sa cire nikotin daga jini, sai dai su koya masa ɓoyewa. Ka kira shi ku biyu, ka tambaye shi yaushe ya fara, wa ke ba shi, sau nawa yake sha. Wanda ke neman abin da zarar ya farka daga barci, kamun ya yi nisa, yana buƙatar likita.

Ku sa ranar dainawa tare. Ka gaya masa gaskiyar abin da zai ji: kwana ukun farko su ne masu wuya, da ciwon kai, da ƙunci, da rashin barci, da yawan jin yunwa. Bayan mako biyu zuwa huɗu abin yana lafawa sosai. Ita kuma sha'awar idan ta taso ba ta zama, 'yan mintoci take yi ta wuce. A wannan ɗan lokacin ne ake cin nasara ko a faɗi.

Ga abin da zai taimaka a lokacin:

• *Aswaki.* Hannu da baki sun saba da riƙe abu. Ya riƙa yawo da aswaki a aljihu, duk sanda sha'awa ta taso ya sa a baki. Ga lada, ga tsabtar baki.
• *Ruwa da alwala.* Ya sha ruwa a hankali, ya yi alwala, ya bar wurin da yake zaune.
• *Shayin citta da kanumfari da zuma,* don maƙogwaro da tarin da kan biyo bayan dainawa.
• *Dabino ko aya ko gyaɗa* a madadin alawa, saboda yawan son tauna abu.
• *Motsa jiki,* ko ƙwallo ko tafiyar ƙafa bayan la'asar.
• *Azumin Litinin da Alhamis.* Wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya ga da idonsa cewa zai iya.
• *Canza majalisa.* Muddin yana zama inda ake miƙa masa, wahalar banza ake yi.

Mu faɗa muku gaskiya: babu wani haɗi, ko na habbatus sauda ko na zuma, da ke wanke nikotin daga jiki dare ɗaya. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinka yake so. Jiki da kansa yake fitar da shi cikin 'yan kwanaki idan an daina. Abin da ya rage shi ne sabo, shi kuma sai haƙuri da addu'a da tsayawar iyaye. Idan ya koma bayan ya daina, kada ku yanke ƙauna. Da yawan waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.

*GARGAƊI BIYU NA GAGGAWA*

Na ɗaya: ruwan cikinsa guba ne ga ƙaramin yaro, kuma ƙamshinsa na alawa ne, launinsa na abin wasa. Idan yaro ya tsotsa ko ya sha, alamun su ne amai, dalalar miyau, gumi, rawar jiki, wani lokaci har suma. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A garzaya asibiti, a tafi da abin da ya sha likita ya gani. Idan a fata ya zuba, a wanke da ruwa da sabulu.

Na biyu: kada a jefa shi cikin bolar da za a cinna wa wuta, kada a bar shi a mota cikin rana, kada yara su fasa shi don ciro batir. Batirin irin na waya ne, yana iya fashewa ya kama da wuta.

*ABIN DA ZA MU RIƘE*

Ka ga Birtaniya da kuɗinta da jami'anta, ta kafa doka, 'yan kasuwa suka zagaye ta da ramin caji. Ostireliya ta rufe shaguna, kasuwa ta koma bayan fage. Dokokin suna da amfani, sun rage wa yara sauƙin samu, muna kuma fatan hukumominmu su tashi tsaye tun abin bai fi ƙarfi ba. Amma doka a bakin shago take tsayawa. Daga zaure zuwa cikin gida, kai ne hukuma, kuma kai za a tambaya gobe a kan waɗanda aka ba ka kiwo.

Don haka kada ka jira sai ka tsinta. Yau ɗin nan bayan isha'i ka tara yaran, ka tambaye su ko sun san abin, ka saurari amsarsu. Za ka yi mamakin abin da suka sani. Ka yi magana da limamin unguwa ya taɓo batun a huɗuba ko bayan sallah, ka kuma tayar da shi a taron iyaye da malamai na makarantar boko da Islamiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kare su daga sharrin abokan banza, ya ba waɗanda suka kamu ikon dainawa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.

A tura wa sauran iyaye, wataƙila ta dalilinka wani gida ya tsira.

Wallahu a'alam.